Kwana Ɗaya A Wata: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Hausawa Masu Ɗaukar Mata Aiki A Makka, Jidda Da Madina

Iyayena alhazai da hajiyoyi, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ku baki ɗaya: masu ɗakunan girkin da ke ciyar da baƙin Allah, masu masaukai da otal-otal, masu shagunan abaya da turare, masu kwangilar shara da wanki, har da ku uwayen gida da kuke da 'yan aiki a ɗakunanku. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sanya albarka a nema.

Maganar da na ɗauko ba irin wadda 'ya ke buɗe baki ta yi a gaban iyayenta ba ce. Shi ya sa ban tashe ta a wajen biki ko zaman ta'aziyya ba, na gwammace in rubuta, wanda nauyinta ya kama ya karanta shi kaɗai a wayarsa. Roƙo nake yi. Macen da ke yi muku aiki, idan baƙon wata ya zo mata da ciwon da ya hana ta tsayuwa, ku ba ta kwana ɗaya a wata ta kwanta. Kada a taɓa albashinta, kada a ce sai ta kawo takardar likita, kada kuma a tsare ta da tambaya a gaban maza. Na san dokar ƙasar nan ba ta wajabta muku haka ba. Amma ba ta hana ku ba.

Ni ce mai kula da mata ma'aikata a wani ɗakin girki a nan Makka. Ni ke raba aiki, ni ke duba wadda ta buga basma, wato ta ɗora yatsa a na'urar shaidar zuwa aiki, da wadda ba ta buga ba, kuma idan ƙarshen wata ya zo za a yanke wa wata kuɗi, ta hannuna takardar ke bi. Don haka ba labari aka ba ni ba.

Bari in fara yi wa doka adalci, don ta yi ƙoƙari. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2005 aka yi ta gyara ta, ta san ma'aikaci mutum ne mai jiki da iyali da addini. Mai jego tana da hutun makonni 12 tun gyaran da ya fara aiki a Fabrairun 2025, a da 10 ne. Mai shayarwa tana da awa ɗaya a kullum. Musulmar da mijinta ya rasu tana da wata huɗu da kwana goma na takaba da albashinta cikakke, abin da da wuya ka samu irinsa ko a ƙasashen da ke yi mana gorin 'yancin mata. Da azumi awa shida ake yi. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa leburori aiki a cikin rana tsakanin sha biyu da ƙarfe uku. Duk an duba waɗannan. Abu ɗaya da ke dawo wa mace kowane wata, tun daga balaga har ta doshi hamsin, shi ne ba a ambata ba.

Za ku ce ai akwai hutun rashin lafiya. Akwai. Sashe na 117 ya ba ma'aikaci kwana 30 da cikakken albashi, kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sai kwana 30 babu biya, duk a cikin shekara guda. A takarda ya wadatar. Amma ku bi hanyar da ake bi kafin a same shi. Sai mace ta tashi daga kwance tana dafe da mara, ta nemi mota, ta je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ta biya abin da inshora bai ɗauka ba, ta bi layi, ta shiga ta yi wa likita bayani, wataƙila namiji, da Larabcin da ya ishe ta ciniki a kasuwa amma bai ishe ta kwatanta abin da ke murɗa mata ciki ba. Sannan idan likita ya gamsu ya shigar da hutun a na'ura, ya fito mata a Sehhaty, manhajar ma'aikatar lafiya ta waya. Tun da aka tsananta a kan takardun bogi, har ma'aikatar lafiya na gargaɗin ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal 100,000, likitoci sun ƙara taka-tsantsan, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ciwon mara ba ya fitowa a ma'aunin zafin jiki. Kafin ta je ta dawo rabin yini ya tafi, kuɗin mota ya cinye kuɗin ranar, alhali abin da take buƙata tun farko bai wuce shimfiɗa da ruwan zafi da 'yan awanni na hutu ba. Wata mai zuwa kuma ta sake daga farko. Wa zai jure?

Wannan ma ga mai kwantiragi da katin inshora ke nan. 'Yan yaumiyya, masu aikin yini da ake ɗauka lokacin mausim, wato lokacin cunkoson alhazai, a sallame su da yamma, ba su da wannan ƙofar sam. Ranar da ba ki zo ba babu kuɗi, gobe kuma ki tarar an sa wata a gurbinki.

Iyayena maza, ku yi haƙuri in ɗan yi muku bayanin abin da ke faruwa, don na lura da yawanku kun ɗauka raki ne. Idan lokacin ya yi, jiki na sakin wasu sinadarai da likitoci ke kira furostagilandin. Su ke sa mahaifa ta riƙa matsewa don ta fitar da shimfiɗar da ta yi a watan. Idan sun yi yawa, matsewar na takure jijiyoyin jini, naman mahaifa ya rasa isasshen jini na ɗan lokaci, ciwo ya taso. Su ne kuma ke kawo amai da gudawa da jiri, ciwon ya zagaya baya ya sauka cinyoyi. Yawanci ranar farko da ta biyu ne masu wuya. Ba kowace mace ke shan wannan ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba: da yawa sukan yi nasu su gama ko abokiyar aikinsu ba ta sani ba. Amma akwai waɗanda duk wata sai sun ga tashin hankali. Akwai cutar endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, wajen mata miliyan 190 ke nan a duniya. Akwai ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a matan Afirka baƙar fata, ya kuma fi kama su da wuri. Shi kan sa jini ya yi ta zuba har mace ta shiga ƙarancin jini, ta hau bene hawa ɗaya tana haki. Idan kana da ma'aikata mata ashirin, Alhaji, da wuya a ce babu irin waɗannan a cikinsu. Ba su faɗa maka ba ne kawai.

Ana cikin mausim, wata rana na shiga sito neman buhun albasa, sai na tarar da wata yarinya daga cikin masu tuƙa tuwo a durƙushe tsakanin buhunan shinkafa. Ta ɗaure ƙugunta tamau da gyale a ƙarƙashin rigar aiki, ta cika gorar roba da ruwan zafi ta danna a mara, goshinta jiƙe da gumi duk da sanyin na'ura. Ga katin Brufen a gefenta, ta ɓalle fiye da rabi tun ba a kira azahar ba, kuma ba ta sa komai a cikinta ba don zuciyarta na tashi. Ban gama tambayarta ba direba ya turo ƙofa neman tire. Sai ta miƙe zumbur ta hau jera kwalaye kamar aikin da ya kawo ta ke nan. Da ya fita ta kama hannuna ta ce, “Yaya, don girman Allah kar ki rubuta ni. Na riga na yi lissafin kuɗin, za a biya wa ƙannena makaranta.” Ban rubuta ta ba, ita kuma ba ta yarda ta tafi ba. Da la'asar tana ɗauke da tukunyar miya jiri ya kwashe ta, miyar ta zube mata a ƙafa. An yi asarar miya, abincin wani masauki ya makara har aka yi ta kiran waya, ita kuma ta fi mako tana jinyar ƙuna. Kwana ɗaya aka ƙi bayarwa.

Abin da nake so ku gane shi ne, wannan ranar kuna biyan kuɗinta tun da daɗewa, ba ta fitowa ne a littafin akawu. Wani bincike da aka yi a Holan aka wallafa a 2019, a kan mata sama da 32,000, ya gano cewa lalurar al'ada na cinye wa mace kusan kwana 9 na aiki a shekara, kuma mafi yawan asarar ba daga zaman gida take ba, daga zuwa aiki ne jiki na nan ƙarfi babu. A cikin waɗanda suka yi fashi, ɗaya cikin biyar ce kaɗai ta faɗa wa shugabanta gaskiyar dalili. Turawa ke nan, da ake cewa ba su da kunya. To ina ga 'yarmu, da ko sunan ɗanta na fari ba ta iya faɗa?

Nan ma akwai abin da ke damuna ƙwarai. Kowa ya san maniyyata mata kan sha ƙwayar ɗage al'ada don su samu ɗawafi, da shawarar likita, na 'yan kwanaki. Yanzu ma'aikata ma sun koya. Sai yarinya ta yi ta sha a jere don kada baƙo ya zo mata a tsakiyar mausim, ba likita ba awo, ƙawa ce ta kwatanta mata. Wata kuma maganin kashe zafi take ɗirka a kan yunwa har ya jawo mata gyambon ciki. Jikinsu suke cinyewa don kada su rasa gurbi a kicin ɗinmu.

Na sha jin hajiyoyi na cewa, “Mu da muka yi zamaninmu wa ya ba mu hutu? Da shi muka yi daka, da shi muka yi surfe.” Gaskiya ne, Inna, kuma Allah ya saka muku. Amma ku tuna yadda gida yake. Idan mace ta kwanta ranar girkinta, kishiya ko facala ko ƙanwar miji ko 'yar riƙo sai ta karɓi muciya, ba wanda ya tambayi dalili don kowa ya gane. Uwar miji ta dafa mata citta da kanumfari, a ce wa yara su yi nesa da ɗakin. Idan aka makara da tuwo, mai gida ya ɗan yi gunaguni ya haƙura. Hutun na nan, ba a rubuta shi ba ne. Wurin aikin yau kuwa na'ura ce ke karɓar yatsa ƙarfe shida na safe, ba ta san facala ba, ba ta san kara ba. Yarinyar da ta baro Kano ko Maraɗi ko Damagaram ba ta da kowa a nan sai mu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a wurin aiki sai mai wuri ya ba da dama kafin wata ta iya rufa wa wata asiri.

Batun kunya kuma, ni abin na ba ni mamaki a garin nan musamman. Duk wanda ya zauna a gaban malami a zaure ya karanta babin haila tun a Ahalari, kafin ma ya kai Risala. Ni ba malama ba ce, kuma ba cewa nake shari'a ta wajabta hutun aiki ba. Abin da na sani shi ne Allah da kansa ya ɗauke wa mace salla a kwanakin nan bai ce ta rama ba, ya ɗage mata azumi zuwa wani lokaci, aka kuma yafe mata ɗawafin bankwana. A Hajjin Bankwana, a Sarif, nan bayan gari a hanyar Madina, Manzon Allah (SAW) ya shiga ya tarar da Nana A'isha tana kuka saboda al'ada ta zo mata. Bai kau da kai ba, bai ce maganar mata ce ba. Ya lallashe ta, ya gaya mata abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adam mata, ya ce ta yi duk abin da alhaji ke yi ban da ɗawafi. Da aka gama Hajji ta nuna damuwar rasa umararta, sai ya sa ɗan'uwanta Abdurrahman ya kai ta Tan'im ta ɗauko harami. Masallacin A'isha da motocinku ke kai alhazai dare da rana, asalinsa ke nan. Muna cin abinci a inuwar wannan tarihin, sannan a ce ba za a iya ambatar maganar a ofishin mudir, wato manaja, ba?

Wasu ƙasashe sun daɗe da sa wannan hutu a doka, kuma ya kamata mu duba inda suka yi tuntuɓe kada mu faɗa ramin da suka faɗa. Japan ta fara tun 1947. Dokarta ta hana a tilasta wa mace aiki idan ta nemi hutu saboda wahalar al'ada, amma ba ta ce dole a biya ta ba. A 1965 sama da kashi 25 cikin ɗari na ma'aikata mata ke neman hutun. Binciken gwamnati na 2020 ya nuna bai kai kashi 1 ba. Ga rashin biya, ga nauyin tunkarar shugaba namiji. Koriya ta Kudu na ba da kwana ɗaya a wata, kuma a 2021 kotun ƙolinta ta tabbatar da tarar da aka ci tsohon shugaban wani kamfanin jiragen sama saboda hana ma'aikatan jirgi wannan hutu. Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan alhazai, dokarta ta 2003 ta ba da ranar farko da ta biyu ga wadda ke jin ciwo, amma an sha kai kukan cewa wasu masana'antu na neman mace ta kawo shaida ta hanyar da ba zan iya rubutawa a wasiƙar da iyaye za su karanta ba. Sifen ce ta farko a Turai, a 2023, gwamnati ke biya, amma sai da takardar likita. A kusan shekarar farko kimanin sau 1,500 kawai aka ɗauki hutun, a ƙasar da mata ma'aikata suka kai miliyoyi.

Wadda ta fi burge ni tana nan Afirka. Zambiya ta ba kowace ma'aikaciya kwana ɗaya a wata, ba takardar likita, ba sai ta faɗi dalili ba. Ta sa shi a doka a 2015, ta sake tabbatar da shi a dokar aiki ta 2019. Can ma akwai masu ƙorafin cewa wasu na fakewa da shi, amma ban ga ƙasar ta durƙushe ba. Jihar Bihar ta Indiya, wadda ba mai arziki ba ce, tun 1992 take ba ma'aikatan gwamnatinta mata kwana biyu a wata.

Daga nan na fahimci cewa hutun da babu biya hutun masu hali ne, hutun da sai an kawo shaida kuma wulaƙanci ne da sunan gata. Don haka in za ku yi, ku yi shi yadda za a iya amfani da shi. A sa mace ɗaya amintacciya da za a riƙa gaya wa, ko da saƙon waya ne, kalma ɗaya ta isa. A littafi a rubuta uzuri kawai, kada akawu ko direba ko mai gadi ya san ranar wace ce. Kada a tara shi, kada a mayar da shi kuɗi ga wadda ba ta ɗauka ba, don da zarar an sa masa farashi mabuƙata za su sayar da shi su ci gaba da durƙuso a sito. Wata ma ba yini guda take so ba. A bar ta ta makara da awa uku, ko a ɗauke ta daga bakin wuta a mayar da ita gyaran kayan miya a zaune, ya ishe ta. Ku sa kujeru. Ku ware wa mata banɗaki mai ƙofa da sakata da ruwa da kwandon shara mai murfi, a ajiye audugar mata a akwatin magani yadda ake ajiye filasta. Masu shaguna, yarinyar da ke tsaye ita kaɗai daga la'asar zuwa tsakar dare, wa ke riƙe mata wuri in za ta zagaya? Masu otal, wanda ya zaɓa wa mata masu gyaran ɗaki farin wando, a tambaye shi ko ya yi shawara da mace.

Na san abin da ke ranku: kuɗi, da tsoron a mayar da ku saniyar tatsa. Mu yi lissafi. Kwana ɗaya kashi ɗaya ne cikin talatin na albashi. Mai ɗaukar riyal 1,500, hamsin ke nan. Mai ɗaukar 4,000, bai kai 140 ba. Kuma ba duka za su ɗauka ba, ba kuma kowane wata ba. Abin da aka gani a ƙasashen da na ambata shi ne ƙarancin masu nema, ba yawansu ba. Za a samu mai ƙarya? Za a samu, kamar yadda ake samun namijin da kakarsa ke rasuwa duk shekara. Ba a soke hutun ta'aziyya saboda shi ba. Mai ha'inci ba a ranar hutu kaɗai ake gane ta ba, aikinta na sauran kwanaki ke tona ta, kuma matan da ke ɗaukar nauyinta sun fi kowane mudir saurin gano ta.

Maganar mausim ita ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Kwanakin Mina da Arfa da makonnin da ke kewaye da su, hannu ɗaya in ya ragu kowa sai ya ji a jikinsa, alhaji kuma ba ya jiran uzuri, abincinsa yake jira. Amma mausim ba ya zuwa ba zato. Yadda kuke lissafin ƙarin gas da ƙarin shinkafa saboda ko-ta-kwana, haka za ku lissafa ƙarin hannu ɗaya ko biyu a cikin mata. Lokacin ne ma aka fi buƙatar sassaucin, don lokacin ne zafi da tsawon aiki ke haɗuwa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu. Ku ƙiyasta yadda bakin murhu yake a irin wannan rana ga macen da ke zubar da jini.

Akwai kuma wanda zai ce, “To shi ke nan, sai in daina ɗaukar mata in huta.” Wannan shi ne abin da ya sa wasu mata masu ilimi ke adawa da hutun gaba ɗaya, suna tsoron ya zama hujjar mayar da su baya, kuma tsoronsu na da tushe. Amma Alhaji, duba ƙasar da kake ciki. A 2017 matan Saudiyya da ke fagen aiki ba su wuce kashi 17 cikin ɗari ba. Shirin gwamnati na raya ƙasa zuwa 2030 ya sa burin kashi 30, aka wuce shi tun lokaci bai yi ba, yanzu ana maganar wajen 35. 'Ya'yanmu masu sunan Hausawi suna asibitoci, suna filin jirgin Jidda, suna karɓar baƙi a manyan otal-otal. 'Yarka ma gobe a ƙarƙashin wani za ta yi aiki. Kuma mu faɗi gaskiya, alhajin Najeriya ko Nijar da ke neman tuwo da miyar kuka irin na gida, ba hannun kowa ke iya fitar masa da shi ba. Kuna ɗaukar matan nan ne don kuna buƙatarsu.

Hajiyoyi uwayen gida, na bar ku a ƙarshe ne don taku ta fi sauƙi, ta kuma fi ciwo. 'Yan aikin gida ba sa cikin dokar ƙwadago, ƙa'idarsu daban ce. Sabuwar da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ba su hutun yini guda a mako, ta kuma ba su kwana 30 na rashin lafiya, rabin farko da cikakken albashi, rabi na biyu da rabin albashi, amma shi ma sai da takardar likita. Yarinyar da ba ta fita sai da izininki, wa zai kai ta ta karɓo takardar? A gidanki babu basma, babu akawu, babu maktabul amal, wato ofishin ƙwadago. Ke ce doka. Kin san ranar da fuskarta ta canza, kin ga tana wanke-wanke tana jingina da bango, don ke ma mace ce, kin sani. “Je ki kwanta, a bar gugar sai gobe” ba ya buƙatar sa hannun minista. Muna jin zafi idan aka ba mu labarin yadda wasu gidaje ke gallaza wa 'yan'uwanmu masu aikatau, muna ta tura bidiyo a WhatsApp muna Allah wadai. To kada a shiga namu gidan a tarar da irinsa da Hausa. Ki kuma tambaye ta ko tana da auduga. Wata albashinta duka gida take turawa, tsumma take yagawa tana wankewa da dare don kada 'ya'yanki su gani.

Abu ɗaya zan ƙara, don kada hutun ya zama rufe ciwo. Wadda duk wata sai ta kwanta, ko jininta ke wuce mako, ko take canza ƙunzugu kowace awa ɗaya ko biyu, ko ciwon ke ƙaruwa shekara bayan shekara, ba hutu kaɗai take buƙata ba, likitar mata take buƙata. Hulba da na'ana'a na sanyaya ciki amma ba sa cire ƙari, kuma maganar “in kin yi aure zai daina” ta sa mata da yawa sun yi shekaru da cutar da ake iya magancewa. A nan ne amintacciyar matar da na ambata za ta yi amfani: ita za ta lura, ta ja yarinya gefe, ta sa a duba ta da inshorar da kuke biya duk shekara ba a mora.

Ba na jiran a canza dokar ƙasa, wannan na masu mulki ne da 'yan majalisar Shura, in sun ga dama wata rana su duba. Nawa bai wuce tsakaninmu ba. Kafin a fara ɗibar ma'aikatan mausim mai zuwa, ina roƙon dattawanmu na Shari' Mansur da Misfala da Jarwal, da na Jidda da Madina, idan kun zauna maganar kwangila da farashi, ku sa wannan a cikin abin da za a tattauna, ku kuma gayyato hajiyoyin da ke riƙe da kicin su faɗi abin da suka gani. Wanda ya amince ya rubuta shi a takardar ɗaukar aiki, a karanta wa 'yan yaumiyya da baki ranar da suka fara, don da yawansu ba sa karatun boko. A gwada shekara ɗaya, a dawo a duba littafi a ga abin da ya ci.

Idan na yi tsaurin ido a wani wuri, ku yafe wa 'yarku. Allah ya ƙara girma.

Wassalam,
'Yarku, mai kula da mata ma'aikata a wani ɗakin girki, Makka.